Waiwaye: Ƙattan titunan Beljiyam da Faransa, da yadda garin Ath ya fita daga kundin UNESCO

A farkon watan Disamba na 2022, kwamitin UNESCO mai kula da al'adun gado ya zauna a Rabat, babban birnin Maroko, ya cire bikin garin Ath na ƙasar Beljiyam daga kundinsa. Ath ɗaya ne daga garuruwa tara da aka yi wa rajista guda saboda al'adarsu ta fito da manyan mutum-mutumi da dodanni a zaga gari da su ana kiɗa. Biyar na Beljiyam ne: Ath, Brussels, Dendermonde, Mechelen da Mons. Huɗu na Faransa: Cassel, Douai, Pézenas da Tarascon. An fara karrama su tare a 2005, aka shigar da su babban kundin a 2008, kundin da bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, hawan Sallar Kano kuma a 2024.

Asalin abin daga coci ne. Tun ƙarshen ƙarni na 14 garuruwan yankin kan yi jerin gwanon addini sau ɗaya a shekara, ƙungiyoyin masu sana'a kuma kowacce ta ɗauki nauyin nuna wani labari domin jama'ar da ba ta iya karatu ba. A Ath, takardun gari sun ambaci Bayard, wani makeken dokin almara, a 1462, sun ambaci Goliyat, wato Jaluta, a 1481. A Douai masu saƙar kwando ne suka ƙera ƙaton da ake kira Gayant a 1530, shekara ta zagayo aka yi masa mata, daga baya aka ƙara musu 'ya'ya uku: Jacquot, Fillon da Binbin. Jalutan Ath shi ma an yi masa aure a 1715, kuma har yau kowace shekara ana maimaita ɗaurin auren ranar Asabar ɗin biki, a raka ango da amarya ƙofar cocin Saint-Julien.

Ƙattan nan sun sha wuya a hannun masu iko. Malaman coci sun ga wasa ya rinjayi ibada, har babban limamin Arras ya hana fitowar Gayant a 1770. Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya, mai mulkin yankin Beljiyam a lokacin, ya taƙaita irin waɗannan bukukuwa a 1786. 'Yan juyin juya halin Faransa da suka mamaye Ath sun cinna wa ƙattan garin wuta a watan Agusta na 1794, don a ganinsu tarkacen tsohon mulki ne. Sai a farkon ƙarni na 19 aka sake saƙa su, kuma da suka dawo bikin ya riga ya fara barin hannun coci yana komawa na gari. Gayant da iyalinsa sun sake halaka a yaƙe-yaƙen duniya biyu, aka sake gina su. Saboda haka kusan duk ƙaton da ake gani a titi yau ba shi ne na farko ba. Abin da ya tsallake waɗannan ɗaruruwan shekaru shi ne hannun da ya iya saƙa shi da wuyan da ya iya ɗaukarsa.

A nan ne aikin kiyayewa na gaskiya yake, kuma yana da sassa. Gangar jikin ƙato, daga ƙugu zuwa ƙasa, kwando ne da ake saƙawa da tsumagun wata bishiya mai laushi da ke fitowa a bakin ruwa, kamar wani makeken akurki da aka kife, an ɗaure shi a kan firam na katako. Kai da hannuwa ana sassaƙa su da itace marar nauyi ko a yi su da takarda da gam, kwanan nan wasu na amfani da roba mai tauri. Sai tufafi, mita da yawa na yadi, da gashi, da hular ƙarfe ko takobi. Ƙattan Ath tsayinsu ya kai mita huɗu ko kusa da haka, nauyin kowanne ya haura kilo 100, kuma mutum ɗaya ne ke shiga ciki ya ɗauka, nauyin na kan gammon da ke kansa da madaurin kafaɗa. Ba ya ganin hanya sai ta wata 'yar taga da aka buɗe a gaban kwandon. Abokan aikinsa na tafe a gefe suna riƙe da ƙaton, suna gaya masa inda zai taka, suna karɓarsa bayan ɗan gajeren zango. Kuma ba tafiya kawai ake so ba, rawa ake so: a wuraren da aka saba, Jaluta da matarsa kan juya su sumbaci juna, jama'a na ihu.

Gayant ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Tsayinsa mita takwas da rabi, nauyinsa kilo 370, mutum shida ke shiga ƙarƙashinsa. Dokin Bayard na Ath, wanda aka dawo da shi a 1948, ya haura kilo 600, mutum 16 ke ɗauka. Na Dendermonde kuwa sau ɗaya yake fita a shekara goma, mutum 12 ne ke ɗaukarsa a lokaci guda, ga kuma 'yan'uwa maza huɗu a bayansa, waɗanda dole su kasance a jere suke a haihuwa babu mace a tsakani, kuma haifaffun garin. Fitowar 2020 sai da annobar korona ta ture ta zuwa 2022.

Abubuwan da ke ɓata aiki sanannu ne. Iska ita ce babbar abokiyar gaba, domin nauyin kai da kafaɗu yana can sama, da zarar ƙaton ya karkata kaɗan wanda ke ciki ba zai iya dawo da shi shi kaɗai ba. Ruwan sama na jiƙa yadi ya ƙara nauyi. Idan aka ajiye kwandon a wuri mai bushewa sosai tsumagun su yi ƙarau su karye, idan wurin na da damshi su yi fumfuna, ƙwari kuma su ci katakon kai. Wayoyin lantarki da na sadarwa kan tilasta a sauya hanya ko a kwantar da ƙaton. Masu saƙar irin wannan babban kwando sun yi ƙaranci. Wasu garuruwa sun huta da wahala ta hanyar ɗora ƙattansu a kan taya, sai dai ƙaton da ake turawa ba ya rawa, kuma daga ranar da aka sa taya ƙungiyar masu ɗauka ta fara mutuwa ke nan. Cassel ta bi wata dabara: Reuze Papa na 1827 da Reuze Maman na 1860 sun shiga jerin kayan tarihin da dokar Faransa ke karewa a 2000, aka adana su a ɗaki, aka ƙera kwafinsu su ne ke fita titi. A Ath ma an buɗe gidan tarihin ƙatti a shekarar 2000 ɗin.

To, me ya kai ga hukuncin Rabat? Ba ɗaya daga ƙattan ba ne ya jawo shi. A cikin jerin gwanon Ath, wanda ake yi Lahadi ta huɗu ta watan Agusta, akwai wani keken ado mai siffar jirgin ruwan masunta, a kansa kuma daga 1873 har zuwa lokacin hukuncin akwai wani da ake kira Sauvage, wato mutumin daji: Bature ne da aka shafe da baƙin fenti, da zobe a hanci, da gashin tsuntsu a ka, da sarƙa a hannu, yana kurari yana tsorata yara. A ƙasar da sarkinta ya mallaki Kwango daga 1885, gwamnatinta kuma ta mulke ta daga 1908 zuwa 1960, wannan hoto ba ya buƙatar fassara. A 2019 wata ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata mai suna Bruxelles Panthères ta kai ƙara UNESCO. A bikin shekarar an yi ɗan sassauci, mutumin ya miƙa sarƙoƙinsa ga magajin gari, amma baƙin fentin bai gushe ba.

Yarjejeniyar 2003 da aka kafa kundin a kanta ta faɗa ƙarara cewa al'adar da za a karɓa sai wadda ta dace da haƙƙin ɗan Adam da mutunta juna tsakanin al'ummomi. An ma riga an yi gwaji a Beljiyam ɗin: a Disamba 2019, a zaman Bogota, an cire bikin garin Aalst saboda kekunan ado masu izgili ga Yahudawa, karo na farko da aka taɓa cire wani abu daga kundin. A Rabat wakilan ƙasashe da dama, na Afirka a gaba, suka ce ba za a jira wata shekara ba, Beljiyam ma ba ta ja da su ba. Aka zare Ath kaɗai, sauran garuruwa takwas suka ci gaba da zama a rajistar.

Mutanen Ath da yawa sun ji zafin abin. Hujjarsu ita ce Sauvage ya girmi mulkin mallakar Kwango, yara na ƙaunarsa, kuma ba 'yan Brussels ne za su koya musu al'adarsu ba. Hujjar farko gaskiya ce ta fuskar shekaru, amma ba ta canza abin da baƙar fatar da ke zaune a garin yake gani idan jirgin ya wuce ta gabansa. Batun cewa al'ada ba ta taɓuwa kuwa, tarihin bikin kansa ya ƙaryata shi. Ƙaton da ake kira Tirant, na ƙungiyar maharba, an sauya masa suna da kama a 1850 ya koma Ambiorix, gwarzon da ya yaƙi Rumawa, saboda sabuwar ƙasar Beljiyam na neman jarumai. Hukumar garin ta kafa kwamitin 'yan gari, bayan hukuncin ya yi ta zama kan lamarin, daga ƙarshe aka sauya wa mutumin jirgin suna da kwalliya, ya koma shaiɗanin jirgin masunta.