Bashin karatu

Bashin karatu rance ne da ɗalibi ke karɓa domin ya biya kuɗin jami'a ko wata babbar makaranta, wani lokaci har da kuɗin masauki da littattafai da abin kashewa, da sharaɗin zai fara biya bayan ya gama karatu ko ya bar makarantar. Ya bambanta da tallafin karatu, wanda kyauta ne ba a mayarwa. Ya kuma bambanta da sauran basussuka ta fuska guda mai muhimmanci: mai karɓa yawanci matashi ne da bai taɓa riƙe albashi ba, ba shi da gida ko fili da zai ba da jingina. Abin da ake dogaro da shi kawai shi ne abin da zai samu nan gaba, kuma wannan ba wanda ya san shi. Shi ya sa bankunan kasuwa ba su cika son irin wannan rance ba sai gwamnati ta tsaya musu, kuma a ƙasashe da dama gwamnati ce da kanta ke bayarwa.

Asalinsa

A Amurka, gwamnatin tarayya ta shiga harkar ne a 1958, shekara ɗaya bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, lokacin da 'yan siyasar Amurka suka tsorata cewa an bar su a baya a fannin kimiyya. Dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ta faɗaɗa tsarin, inda bankuna ke ba da rance gwamnati kuma ta lamunce. An ci gaba da haka har 2010, lokacin da aka daina bi ta hannun bankuna, gwamnati ta koma bayarwa kai tsaye. A yau fiye da mutum miliyan 40 ne gwamnati ke bi bashin karatu a Amurka, kuma jimillar bashin ta haura dala tiriliyan 1.6.

Ingila ta fara karɓar kuɗin karatu daga ɗaliban jami'a a 1998, fam 1,000 a shekara. Adadin ya tashi zuwa fam 3,000 a 2006, sannan fam 9,000 a 2012. Jamus ta bi wata hanya: tsarinta mai suna BAföG, wanda aka kafa a 1971, yana bai wa ɗalibin jami'a rabin kuɗin a matsayin kyauta, rabin kuma rance marar ruwa, tare da iyaka ga abin da za a mayar.

Yadda ake biya

Girman bashin ne mutane suka fi kallo, amma abin da ke sa ya zama nauyi ko sauƙi shi ne yadda aka tsara biyansa. Hanyoyi biyu ne manya.

Ta farko ita ce ta kaso tsayayye, irin ta bashin mota ko na gida. Ana raba uwar kuɗi da ruwanta a kan wasu shekaru, a tsarin Amurka na yau da kullum shekara 10, mutum ya riƙa biyan adadi ɗaya kowane wata ko ya samu aiki ko bai samu ba. Wanda ya fito ya dace da albashi mai kauri ba ya jin komai. Wanda ya yi wata takwas yana neman aiki kuwa, takardar biya ba ta jiransa.

Akwai wani abu da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi sai sun gama. A wasu nau'o'in rancen, kuɗin ruwa na fara taruwa tun ranar da aka fitar da kuɗin, ba ranar gama makaranta ba. A ɗauka ɗalibi ya ranci dala 10,000 a kan kashi 6 cikin ɗari. Kowace shekara ruwan dala 600 ne, cikin shekara huɗu na karatu ya zama 2,400. Idan aka haɗa wannan ruwa da uwar kuɗin, bashin ya koma 12,400, kuma daga nan ruwan shekara ya zama dala 744. Bai ƙara rantar ko sisi ba, amma yanzu yana biyan ruwa a kan ruwa.

Hanya ta biyu ita ce a ɗaura biyan a kan abin da mutum ke samu. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya kawo irin wannan tunani tun 1955, amma Ostareliya ce ta fara aiwatar da shi a faɗin ƙasa a 1989, da tsarin HECS wanda masani Bruce Chapman ya taimaka wajen tsarawa. Hukumar haraji ce ke karɓar kuɗin, kuma ba a cire komai sai abin da mutum ke samu ya kai wani mataki.

Ingila ta ɗauki wannan salo. Ga waɗanda suka shiga jami'a daga 2012, ana cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura matakin, ba na dukkan albashin ba. A 2023 matakin ya kasance fam 27,295 a shekara. Mai albashin fam 30,000 ya haura da fam 2,705 ke nan, don haka abin da za a cire masa bai kai fam 244 a shekara ba, wajen fam 20 a wata, ko ana binsa 20,000 ko 60,000. Ana cirewa tun daga wajen aiki, kamar haraji, kafin albashi ya shigo hannunsa. Abin da ya rage bayan shekara 30 ana yafe shi; ga waɗanda suka fara karatu daga 2023 an tsawaita wa'adin zuwa shekara 40. Wannan ne ya sa wasu masana ke cewa sunansa ne kawai bashi, a aikace haraji ne a kan waɗanda suka yi jami'a. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake wanda yake ganin adadin da ake binsa na ƙaruwa duk shekara alhali yana biya ba lallai ne hankalinsa ya kwanta da ita ba.

Tasirinsa a kan kasafin gida

Kuɗin da ke tafiya wajen biyan bashin karatu kuɗi ne da ba za a yi ajiya da su ba, kuma yana faɗowa ne a shekarun da mutum ke ƙoƙarin kafa kansa. Masu ba da bashin gida suna lissafa shi cikin nauyin da ke kan mai nema kafin su yanke nawa za su ba shi. Waɗanda suka fi shan wahala sau da yawa ba masu babban bashi ba ne, irin su likitoci da lauyoyi, domin albashinsu na iya ɗauka. Waɗanda suka ranta suka bar makaranta ba tare da shaidar kammalawa ba su ne suka fi kasa biya: ga bashi, babu digirin da zai ɗaga musu albashi.

A Amurka kuma wuya ne ƙwarai a sauke wannan bashi ta hanyar shelar karayar arziki a kotu, sai mutum ya tabbatar wa alƙali cewa biyan zai jefa shi cikin matsanancin ƙunci. Akwai tsarin da aka kafa a 2007 wanda ke yafe ragowar bashin ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, bayan sun biya sau 120.

Muhawarar yafewa

A watan Maris na 2020, saboda annobar korona, gwamnatin Amurka ta dakatar da karɓar biyan bashin tarayya tare da tsayar da ruwansa, kuma ba a koma biya ba sai Oktoban 2023. Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya nemi yafe har dala 10,000 ga yawancin masu bashi, da 20,000 ga waɗanda suka taɓa samun tallafin marasa ƙarfi, amma Kotun Ƙoli ta soke shirin a watan Yunin 2023, tana cewa doka ba ta bai wa gwamnati wannan iko ba. Masu goyon bayan yafewa na cewa an sa matasa sa hannu kan abin da ba su fahimta ba tun suna 'yan shekara 18. Masu adawa kuma na tambaya ko me zai sa wanda bai je jami'a ba, ko wanda ya riga ya biya nasa, ya ɗauki nauyin wani da kuɗin harajinsa.