Jita ko fiyano: da wanne mai koyo zai fara a Maraɗi?

Matasa masu sha'awar kiɗa ne suka fi yin wannan tambaya, sai kuma iyayen da yaro ya hana sakat da maganar a saya masa abin kiɗa. Amsoshin da ke ƙasa an auna su ne da halin garinmu, da wutarsa da ƙurarsa da irin waƙar da kunnenmu ya saba ji.

Malam, a taƙaice dai, wanne ya fi sauƙin koyo?

A watan farko fiyano ne, babu gardama. Ka danna maɓalli, amo ya fito tas, ko da yau ka fara ganinsa. Kuma komai a shimfiɗe yake gabanka: hagu kauri, dama siranta. Baƙaƙen maɓallan an jera su biyu, uku, biyu, uku, farin da ke hagun kowane biyu shi ne amon da ake kira Do. Ɗora babban yatsa a kansa, tsallake fari ɗaya ka danna na gaba, sake tsallake ɗaya ka danna. Ka buga Do, Mi, Sol ke nan tare, wato akor ɗinka na farko, kafin shayi ya tafasa.

Jita ba ta sakin fuska da wuri haka. Kafin amo ɗaya ya fito da kyau sai yatsan hagu ya danne tsirkiya daidai bayan ƙarfen da ke wuyanta, ba a kansa ba, ba nesa da shi ba, kuma kada ya taɓa ta kusa da ita. In ka kuskure sai ka ji wani zizar kamar ƙudan zuma. Ga shi amo ɗaya yana iya zama a wuri uku ko huɗu a wuyan, abin da ke rikita sabon shiga.

Amma bayan wata uku zuwa shida lissafin yakan juya. Mai jita da ya riƙe akor huɗu ko biyar ya isa ya raka waƙa daga farko har ƙarshe a fada. Mai fiyano kuwa a lokacin ne zai gamu da babban dutsensa, wato raba hannuwa: hagu na riƙe da gindin kiɗa, dama na bin karin waƙa, kowane da tafiyarsa. A nan mutane da yawa ke tsayawa. Jita ma tana da nata shingen, akor ɗin Fa, inda yatsa guda zai kwanta ya danne tsirkiya shida gaba ɗaya. Wasu sai sun yi wata biyu suna fama da shi.

An ce jita na yanka yatsu. Gaskiya ne?

Ba ta yanka, amma tana ciwo. Mako biyu zuwa huɗu bakin yatsun hagu za su yi ja, su yi zogi, daga baya su yi kanta, shi ke nan an wuce wurin. Dabarar ita ce kaɗan-kaɗan kullum: minti 15 da safe, 15 da yamma, ya fi awa uku ranar Lahadi kawai. A yanke farcen hagu ƙwarai. Jita mai tsirkiyar roba, wadda ake kira klasik, ta fi tausayin yatsa, sai dai wuyanta ya fi faɗi, amonta kuma ya fi sanyi. Mai tsirkiyar ƙarfe ita ce ke ba da wannan ƙara mai kaifi da ake ji a kiɗan arewacin Nijar. Gargaɗi ɗaya: kada a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don roba. Ƙarfin jan ya fi ƙarfinta, zai ɗaga gadar da tsirkiyoyin ke ɗaure ko ya lanƙwasa wuyan.

In ana cewa fiyano, wannan babban na katako ake nufi?

A nan wajenmu, a'a. Fiyano na asali, wanda wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙera a birnin Florence wajen shekarar 1700, yana da maɓalli 88 a yau, 52 farare, 36 baƙaƙe. A cikinsa akwai tsirkiya sama da 200 da ƙananan guduma masu bugunsu. Ko tsayayyen da ake jinginawa da bango ya kan kai kilo 200, kuma yana buƙatar gwani ya zo ya saita shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wa zai zo maka Bagalam ko Sabon Gari ya yi wannan aiki?

Abin da muke kira fiyano shi ne na lantarki, irin su Yamaha da Casio, mafi yawa mai maɓalli 61. Ya ishi mai koyo shekara biyu ko fiye. Abin da kawai zan nace a kai shi ne ya zama mai jin nauyin hannu: in ka danna a hankali ya yi magana a hankali, in ka buga da ƙarfi ya ɗaga murya. Wanda ba shi da wannan yana koya wa hannu mugun hali. Ƙananan nan na wasan yara masu siraran maɓallai kuwa, a bar wa yara.

To, batun wuta fa?

Nan jita ta yi wa fiyano fintinkau. Mafi yawan wutar Maraɗi daga Najeriya ake jawo ta, ta wajen Katsina, kuma duk wanda ya zauna garin nan bayan an yanke ta a watan Agustan 2023 ya san abin da rashinta ke nufi. Jita ba ruwanta. Ka rataya ta, ka hau kabu-kabu, ka tafi inda kake so. Fiyano da yawa suna aiki da batir shida ƙanana, wasu kuma ana iya haɗa su da batirin sola mai bolt 12, amma wannan ƙarin kuɗi ne, kuma dawowar wuta da ƙarfi takan ƙona cajar. In za ka tashi, ka zare.

Sai dai yanayi yana ramawa a kan jita. Katako ne da gam. Ya fi son iska mai danshin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a hunturu namu yakan sauka ƙasa da 20. Sai katakon ya tsuke, fuskar ta tsage, bakin ƙarafan wuyan su fara karce hannu. Maganinsa mai arha ne: a ajiye ta cikin jakarta, a jiƙa ɗan soso a matse shi sarai, a sa cikin leda mai huji, a jefa a jakar. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada a bar ta a rana ko cikin mota, gam ɗin narkewa yake yi. Shi fiyano abokin gabarsa ƙura ce. Tana shiga ƙarƙashin maɓallai, wata rana ka danna Mi ya yi shiru. Tsohon zane ya isa a rufe shi.

Ni waƙar Hausa nake so in yi, irin ta finafinai da ta biki. Wanne zan ɗauka?

Fiyano, kada ma ka tsaya shawara. Tun shekarun 1990 da masu kiɗan finafinan Kano suka rungumi na'urorin Yamaha, wannan salon gaba ɗayansa a kan maɓallai aka gina shi. Ganga, sarewa, goge, algaita, duk daga ciki ake ciro su. Yau aikin ya koma kwamfuta, amma shiga kowane situdiyo, nan Maraɗi ko Damagaram ko Kano, za ka tarar da maɓallan nan a gaban mai haɗa kiɗa, domin da su yake shigar da amo. Wanda ya iya fiyano ya riga ya ci rabin hanyar zama mai haɗa kiɗa, kuma sana'a ce da ake ci da ita. Mu ma muna da namu tarihin: Mamman Sani ya yi kiɗa da ogan na lantarki ƙirar Italiya tun shekarun 1970, har rediyo da talabijin na ƙasa suka daɗe suna sa shi tsakanin shirye-shirye.

Ga wani abu da zan so kowane mai koyo ya gwada ran farko. Bar fararen, bi baƙaƙen maɓallan kaɗai. Amo biyar ne ke maimaita kansu, kuma yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan tsani mai hawa biyar suke tafiya. Rera wata waƙar gaɗa da ka sani tun kana yaro, ka lalubo ta da yatsa ɗaya a kan baƙaƙen. Sau da yawa za ka same ta a can tana jiranka.

Amma akwai tarko biyu, kuma sun kama ƴan fiyano da dama. Na ɗaya, kiɗan da na'urar ke yi da kanta: ka danna maɓalli guda, ganga da amo mai kauri su ɓarke, kai kuma ka ɗauka ka iya. Na biyu, maɓallin da ke ɗaga ko sauke murya, wanda ke sa mutum ya shekara goma yana buga komai daga Do. Ranar da aka zaunar da shi gaban wata na'urar, ko mawaƙi ya sauya murya a tsakiyar waƙa, sai ido ya raina fata. A shekarar farko ka yi kamar babu su.

In kuma kiɗan Agadas ne ya tafi da ni?

To jita ce taka. Wannan salon na Abzinawa, wanda Tinariwen na Mali suka fito da shi duniya, su Bombino da Mdou Moctar suka ɗaga sunan Nijar da shi, ba ya fitowa a fiyano yadda ya kamata. Daɗinsa yana cikin jan tsirkiya da sakinta, da yatsan hagu da ke bugun gaɓa yana ɗagawa da sauri, abin da maɓalli ba ya yi. Kuma bai dogara da yawan akor ba. Babban yatsan dama yana ta maimaita tsirkiya mai kauri, manuni yana zana karin waƙa a kan sirara. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ko molo ya ga wannan hannun. Shi ya sa wanda ya taso a gidan da ake kaɗa su yakan kama jita da wuri.

Fara da ta katako. Ta lantarki tana buƙatar amfili, wato na'urar ƙara sauti, da waya da wuta, ka dawo cikin matsalar da ka gudu. In kuma kuɗi ne ya hana ka, ka tuna Mdou Moctar da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya.

Ɗiyata ce ke so, shekarunta tara. Kuma bahaguwa ce.

Ga mai shekara tara, Hajiya, na fi karkata ga fiyano: babu ciwon yatsa da zai sa ta yi fushi ta ajiye, kuma bahago da badama duk ɗaya ne a wurinsa. In ta kafe sai jita, akwai ƙarama daidai hannun yara, kuma ana iya juya tsirkiyoyin don bahago, ko da yake gara wanda ya san aikin ya yi. Kasancewarta mace ba hujja ba ce. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad a jihar Tawa da jitar yayanta ta koya, ta kai ga zagaya Turai da Amurka da ƙungiyarta.

A gidanmu ba a son jin kiɗa. Ya zan yi?

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Maraɗi. Wasu iyayen dalilinsu na addini ne, wasu kuma tsoron kada ɗansu ya zama maroƙi, ko karatu ya lalace. Ba ni ne zan yanke hukunci tsakaninka da mahaifinka ba, kuma ban ba ka shawarar ɓoye abu a ƙarƙashin gado ba, don ranar da aka gano, ka rasa kayan, ka rasa yarda. In ƙara ce kawai damuwar, fiyano na da ramin abin saƙalawa a kunne, kana yi ba mai ji. In abin ya wuce ƙara, nemi kawu ko yaya da ake jin maganarsa, ko ka bar kayan wurin wanda ke koya maka.

Kai da kanka, da wanne za ka ce a fara?

In mutum bai san inda ya dosa ba, yana da wuta ko sola a gida, zan ce fiyano, domin yana nuna wa ido yadda kiɗa ke ginuwa, kuma wanda ya fahimci akor a can ba ya shan wahalar gane shi a jita daga baya. In kuwa kayan za su zauna a situdiyon wani, sai ran da aka ba ka dama ka taɓa, to gara jita mai arha da ke jingine a ɗakinka. Minti 20 kullum shi ne ke koyar da hannu, ba tsadar kaya ba. Ka kuma duba wa ke kusa da kai. Bidiyon YouTube na da amfani, amma ba ya ganin yadda ka karkace wuyan hannu. In a unguwarku akwai mai jita guda da zai zauna da kai sau ɗaya a mako, wannan kaɗai ya isa ya rinjayi zaɓin.

Na hannu zan saya. Me zan duba?

Yawancin kayan ta Kano da Katsina suke shigowa, ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu daga Yamai, don haka farashi na bin canjin naira da sefa. Je da wanda ya iya, ko da za ka biya masa kuɗin mai.

In jita ce, ɗaga ta ka saita ido daga kai zuwa gindi, ka ga ko wuyan ya miƙe. Duba tazarar tsirkiya da ƙarfe na 12 a wuyan: milimita biyu zuwa uku daidai ne, in har bakin ƙaramin yatsanka na shigewa, ajiye ta, ita ce irin da ke sa mutum ya tsani jita. Gwada tura takarda ƙarƙashin gadar da tsirkiyoyin ke ɗaure. In ta shige, gadar ta fara ɗagowa. Murɗa kunnuwan shida na ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, kada a samu mai sulɓewa. Tsatsar tsirkiya ba komai ba ce, ana sauyawa, sai dai ka sayi saiti biyu tun a can, don siririyar ta ƙasa ita ke fara tsinkewa. Saita murya kuma manhajar waya na yi kyauta.

In fiyano ne, kada ka yarda da waƙar da mai kaya zai kunna maka daga ciki. Danna maɓallan 61 ɗin nan ɗaya-ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. Saurari lasifikan biyu, ka gwada ramin abin kunne, ka buɗe gidan batir ka ga ko ruwan batir ya ci ƙarafan. Cajar kuma ta zama tasa ta asali, ko aƙalla lambobin da ke jikinta su yi daidai da waɗanda aka rubuta a bayan na'urar, kusa da ramin da ake soka ta.