Hanyar Fayil da Adireshi a Ƙarin Manhajar Shafukan Intanet

Ƙarin manhaja ƙaramar manhaja ce da ake ɗora wa shafin intanet domin ta ƙara masa aiki. Fayilolinta suna da suna iri biyu. Akwai hanyar fayil, wato inda fayil yake zaune a faifan sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin), ita PHP, yaren shirye-shiryen da ke aiki a sabar, ke bi idan zai karanta shi. Akwai kuma adireshi, wanda burauzar mai ziyara ke nema ta intanet. Masu koyo sukan rikita su, shi ya sa hoto kan ƙi fitowa alhali yana nan.

Kuskuren ya fi fitowa fili tun da shafuka suka koma HTTPS, wato tsarin da ke ɓoye bayanai tsakanin burauza da sabar, musamman bayan Yulin 2018, lokacin da burauzar Chrome siga ta 68 ta fara yi wa kowane shafin HTTP, wanda ba ya ɓoye bayanai, alamar rashin tsaro. Idan shafi ya iso ta HTTPS amma ƙarin manhajar ta kira fayil da adireshin da ya fara da http://, to an samu gauraye. Burauza takan toshe fayilolin JavaScript da CSS, masu sarrafa aikin shafi da kamanninsa, da suka zo haka, domin wani na iya sauya su a kan hanya. Sai shafi ya wargaje, maɓallai su daina aiki.

A WordPress, manhajar gina shafukan intanet, gyaran shi ne kada a rubuta adireshi da hannu. Umarnin plugin_dir_path yana ba da hanyar fayil, plugins_url da plugin_dir_url kuma suna ba da adireshi, su zaɓi http ko https da kansu. Galibi ana miƙa musu __FILE__, wato hanyar fayil ɗin da ake rubutu a cikinsa, don su gane foldar da ake ciki. Rubuta wp-content/plugins, foldar ƙarin manhajoji, kai tsaye ganganci ne, tunda tun WordPress siga ta 2.6 a 2008 mai shafi na iya mayar da wannan folda wani wuri.

Inda abin ya fi wuya shi ne shafin da ke bayan sabar tsakiya mai kwance ɓoyon bayanai kafin ta miƙa buƙata ciki. Umarnin is_ssl yana duba alamar HTTPS ta sabar ko tasha ta 443 da HTTPS ke bi, amma buƙatar ta iso a kwance, don haka sai ya ɗauka babu tsaro, ya gina adireshin http. Ana gyara wannan a wp-config.php, fayil ɗin saitin WordPress, ta hanyar karanta X-Forwarded-Proto, bayanin da sabar tsakiyar ke aikowa kan ko mai ziyara ya zo ta http ne ko https.