Waiwaye: baƙin cikin da zaɓen shugaban ƙasa ke bar mana a Kebbi, daga ina ya faro?

Duk wanda ya zauna Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega ya san irin shirun da ke sauka a gari idan aka faɗi sakamakon zaɓen shugaban ƙasa kuma bai zo yadda jama'a ke so ba. Majalisar mai shayi ta watse da wuri, 'yan kabu-kabu su jingine babura gindin dogon yaro ba mai ce ma wani uffan, a gida a kawo tuwo ya huce ba a taɓa ba. Mu nan ba mu cika kiran abin da sunanshi ba, sai dai ka ji an ce "jikina ne ba daɗi" ko "kaina ke sara tun jiya", amma gaskiya baƙin ciki ne da fargaba, kuma ba jiya ya fara ba. Tunda 2027 ta ƙarato har an fara buga ganga, na ga ya kamata a waiwaya a bi sawun abin.

A jamhuriya ta biyu, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, ba mu san ɗacin faɗuwa ba saboda Shehu Shagari namu ne, ya ci a 1979 ya ƙara ci a 1983 ƙarƙashin NPN. Waɗanda suka kwana da ciwon a lokacin su ne mutanen Awolowo da rigimar nan ta kotu kan ko Shagari ya samu ƙuri'un da doka ta nema a kashi biyu bisa uku na jihohi 19, wato jihohi 12 da biyu bisa uku, sai kuma 'yan PRP na Malam Aminu Kano. Namu ya zo ne ta hanyar bindiga ranar 31 ga Disamba 1983 da soja suka kifar da gwamnatin. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 kuma jihar Kebbi ko shekara biyu ba ta cika ba, mu Bashir Tofa na NRC muka zaɓa, Abiola ya yi gaba a ƙasa har Kano ya ci, sai Babangida ya soke zaɓen baki ɗaya. Mutanenmu masu fataucin shanu da albasa a Legas da Ibadan da yawa tattarowa suka yi suka dawo gida saboda tsoron abin da ka iya biyo baya. Dattawa har yanzu suna cewa daga nan suka gane ashe sanarwa guda a rediyo na iya shafe ƙuri'ar miliyoyin mutane.

Amma ciwon da muka sani yanzu, wanda ke hana mutum barci, ya fara ne da shigowar Buhari siyasa. A 2003 ya tsaya a ANPP, jam'iyyar da ke mulkin Kebbi lokacin Adamu Aliero, aka ce Obasanjo ya samu sama da miliyan 24 shi kuma wajen miliyan 12 da ɗoriya, aka tafi kotu ba a gama ba sai 2005. A 2007 aka sake, aka ba 'Yar'aduwa miliyan 24 da wani abu Buhari miliyan 6 da ɗoriya, zaɓen da shi kanshi marigayi 'Yar'aduwa ya fito ya ce akwai kurakurai a ciki har ya kafa kwamitin gyaran tsarin zaɓe na Mai shari'a Uwais. Kotun ƙoli ta tabbatar da shi a Disamba 2008 da alƙalai huɗu a kan uku, ka ga kenan ko a can saman ba a haɗu a kan magana guda ba balle a bakin kasuwa.

Abin da ya kamata yaran yanzu su fahimta shi ne, son da talakan arewa ya yi ma Buhari ba irin son ɗan jam'iyya ba ne. Mutane sun tuna hanyoyi da magungunan asibiti na zamanin PTF, asusun rarar kuɗin mai da ya shugabanta lokacin Abacha, suka sa mishi suna Mai gaskiya, suka ɗauki duk wata damuwarsu, rashin taki, rashin ruwa, ɗan da ya gama makaranta ba aiki, haƙƙin da aka danne a kotu, suka ɗora a kan mutum guda suka ce ranar da ya hau komai zai gyaru. To in ka tara duk fatanka wuri guda haka, ranar da aka ce ya faɗi sai ya zama ta faru ta ƙare, an yi ma mai dami ɗaya sata. Shi ɗan siyasa yana da gobe, zai sauya jam'iyya ko a ba shi kwangila, shi kuwa manomin Kalgo ko Bunza ƙuri'ar nan ita kaɗai gare shi.

2011 ita ce shekarar da abin ya fashe. An yi zaɓe ranar 16 ga Afrilu, taken magoya baya a lokacin shi ne a kasa, a tsare, a raka, kuma kwanaki kaɗan kafin nan Buhari ya zubar da hawaye a bainar jama'a a Abuja yana rufe kamfen, hoton nan ya shiga zukatan mutane fiye da yadda ake zato. Ya ci jihohi 12 na arewa har da Kebbi da Zamfara da Sakkwato, don haka mutumin da ya tsaya rumfarsu ya ga an ƙirga CPC, jam'iyyar Buhari a lokacin, ta cinye akwatin tas, ya tambayi ɗan'uwanshi a wani gari shi ma haka, sai ga sanarwa Jonathan miliyan 22 da rabi Buhari miliyan 12 da ɗan wani abu. Ta ina za ka fara mishi bayanin cewa akwai wasu jihohi can kudu da su ma haka suka cika akwatinsu da lemar PDP? Wannan giɓin tsakanin abin da idonka ya gani a unguwarku da abin da aka faɗa a Abuja shi ne tushen rabin ciwon, wani lokacin maguɗi ne da gaske, wani lokacin kuma faɗin ƙasar ne kawai da ba ka gani daga ƙofar gidanku. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku, wajen 65,000 suka bar gidajensu, mafi muni a kudancin Kaduna wajen Zonkwa da Kafanchan, a Bauchi kuma aka kashe masu bautar ƙasa yara ƙanana da ba su ci ba su sha ba. Aka kafa kwamitin binciken rikicin ƙarƙashin Sheikh Ahmed Lemu ya yi rahoto. Wallahi duk ran da na tuna iyayen yaran nan sai zuciyata ta ƙuntata, babu wani ɓacin rai na zaɓe da ya halatta jininsu.

Sai 2015, wadda mu 'yan Kebbi muke da alfahari na musamman a kanta saboda ɗanmu Farfesa Attahiru Jega ne ke riƙe da INEC. Ya kawo na'urar tantance kati, ranar 31 ga Maris ana tattara sakamako wakilin PDP, tsohon minista Orubebe, ya ƙwace makirfo yana ta hargagi a talabijin duniya na kallo, shi kuwa Malam ko gezau, ya bari ya gama ya ba shi amsa cikin natsuwa aka ci gaba. Kafin a kammala Jonathan ya buga waya ya taya Buhari murna, Buhari miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8. Irin murnar da aka yi ranar nan ban taɓa gani ba, tsofaffi na kuka, mata na guɗa, samari na wasa da babura har wasu suka rasa rayukansu garin murna, Sai Baba ko ta ina. A Nuwamban shekarar Buhari ya zo Birnin Kebbi da kanshi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi na babban banki, fadamun Argungu da Suru suka cika da injinan ban ruwa, mutane suka ce to ga shi an fara gani.

Daga nan ne wani sabon nau'in ciwo ya shigo wanda ya fi na faɗuwa zaɓe cin rai, wato naka ya ci amma kai ba ka tsira ba. A Agusta 2019 aka rufe boda, masu shinkafa wasu sun ji daɗi amma Kamba da sauran garuruwan bakin iyaka kasuwa ta kwanta. 'Yan bindiga suka gangaro daga dazukan Zamfara da Neja suka shiga ƙasar Zuru, Danko-Wasagu da Sakaba, a Yuni 2021 aka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri wasu 'yan matan suka kusa shekara biyu a daji, a Maris 2022 aka kashe 'yan sa-kai sama da 60 a yankin Sakaba. Maƙwabtanmu Zamfara kuwa har layin waya aka katse musu a Satumba 2021. Lokacin Jonathan mutum na da bakin zagi ya huce, yanzu wa zai zaga, shi da ya sayar da akuya ya yi ma jam'iyya hidima, shi da ya yi gaba da ƙaninshi kan Baba? Da yawa haɗiyewa suka yi, wasu suka koma kare abin da zuciyarsu ba ta yarda da shi ba don kar a yi musu dariya.

Da wannan gajiyar aka shiga 2023, ga kuma canjin kuɗi ya sa mutum da kuɗinshi a banki ba ya iya sayen mudun gero, layin POS kamar na zaɓen kanshi. INEC ta yi alkawarin na'urarta ta BVAS za ta tura hoton sakamakon kowace rumfa a intanet nan take, matasa suka yarda, ranar 25 ga Fabrairu na 'yan majalisa ya riƙa hawa na shugaban ƙasa ya ƙi, aka ce tangarɗar na'ura ce. Da asubahin Laraba 1 ga Maris, wajen ƙarfe huɗu mutane na barci, shugaban INEC na lokacin Farfesa Mahmood Yakubu ya ce Tinubu miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. Kebbi Atiku ta ba rinjaye, Zamfara ta ba Tinubu, kenan a gida guda ma za ka samu mai murna da mai makoki. Kuma a lura, kusan mutum biyu cikin uku na waɗanda suka jefa ƙuri'a ba wanda ya ci suka zaɓa ba, wannan taron masu ɓacin rai ba ƙarami ba ne. Ba a ƙona gari ba wannan karon alhamdulillahi, amma faɗan ya koma Facebook da gurup ɗin WhatsApp na dangi, an fice daga gurup, an daina gaisawa wurin suna, na san 'yan uwa ciki ɗaya da sai da babansu ya tara su ya ce "duk wanda ya ƙara kawo min maganar zaɓe cikin gidan nan ban yafe ba" sannan aka samu lafiya.

Fargabar da mutane suka kwana da ita kuma ba ta banza ba ce, don ranar 29 ga Mayu a wurin rantsuwa aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a Yuli ta wuce 600. Mai noman rani da injin ɗinshi ke shan fetur shi ya fara ji a jiki. Wata biyu bayan nan soja suka yi juyin mulki a Nijar aka rufe iyaka aka yanke musu wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, mu da rabin danginmu ke Dosso da Gaya. Kotun ƙoli ta rufe shari'ar zaɓen ranar 26 ga Oktoba 2023, ta ce rashin tura sakamako a intanet bai isa ya soke zaɓe ba.

Yanzu ga inda nake da magana da mu kanmu. Idan mutum ya shiga wannan hali abin da ake ce mishi shi ne "haba Malam, mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so", kuma wannan gaskiya ce na yi imani da ita, ta ceci rayuka da yawa a ƙasar nan. Amma sau tari ana faɗinta ne don a rufe ma mutum baki ba don a rarrashe shi ba, sai ya ji kamar damuwar tashi raunin imani ce, ya koma ɗaki da ita. Dattijo ya kwana uku ba barci, jininshi ya hau, a je kyamis a karɓo maganin ciwon kai a ce gajiya ce. Matashi ya daina fita, ya kwana yana latsa waya yana kallon bidiyon da ke ƙara tunzura shi, wani ya faɗa shaye-shaye. Mata kuwa ba mai tambayarsu ma, alhali su ne suka fi daɗewa a layi cikin rana da goyo a baya. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, asibitin tarayya na wannan fanni mafi kusa da mu yana Kware a jihar Sakkwato, kuma da ka ambaci Kware sai a ce ka kira mutum mahaukaci. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ma sai a Janairu 2023 aka sa mata hannu, kafin nan da ta 1958 ake aiki.

Alƙaluman fitowa zaɓe su ne suka fi ba ni tsoro. A 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista suka fito, a 2011 wajen 54, a 2015 ya sauko wajen 44, a 2019 wajen 35, a 2023 kuma wajen 27 cikin mutum sama da miliyan 93 da ke da rajista. Wasu na cewa ai mutane sun waye sun daina kashe kansu kan 'yan siyasa, ni ban ga wayewa a nan ba, na ga mutanen da aka karya ma zuciya sau da yawa har suka daina sa rai, kuma rashin tsaro ya hana wasu ƙauyukan ma fitowa gaba ɗaya. Buhari ya rasu ranar 13 ga Yuli 2025 a Landan aka kai shi Daura, Allah ya jiƙanshi, kuma har yanzu ba wani wanda talakan nan ya ɗora ma irin wancan fatan. In ka zauna da samarin unguwa ka kawo zancen 2027, abin da za ka ji shi ne "Baba mu dai wanda ya kawo taliya da dubu biyu mu karɓa, in bai kawo ba muna gida", kuma ba da wasa suke faɗa ba, da yawansu ko katin zaɓen ba su je sun karɓa ba.