Gubar Dalma: Abin Da Ya Faru Da Yaran Zamfara Bai Ƙare Ba

A farkon shekarar 2010 ƙananan yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Dareta da Abare da Yargalma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, jikinsa ya mutu, sai jijjiga, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu sanƙarau, wasu kuma suka ce iska ce. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka gwada jinin yaran aka gane gubar dalma ce. Yara fiye da 400 ne suka rasu, akasarinsu ba su kai shekara 5 ba.

Dalmar tana cikin dutsen da ake haƙowa don neman zinare. Magidanta kan kawo shi gida a buhu. Mata su daka a turmin da ake surfe, ko a kai injin niƙan hatsi. Yaran da suka ɗan tasa su ne masu fasa dutse, da tankaɗe, da shanya, ana ganin taimakon iyaye suke yi. Mai rarrafe kuwa ba ya aikin komai, amma shi ya fi kowa shan wahala: ƙurar na kwance a tsakar gida, ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki.

An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, an ba dubban yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. A ƙauyen Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka, inda shi ma gubar ta shafa, sai 2013 aka yi wannan aikin. Duk da haka a 2015 abin ya sake ɓulla a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. Abin da ya fi damun mu ma'aikatan lafiya shi ne waɗanda suka rayu, domin magani ba ya gyara ƙwaƙwalwar da dalma ta riga ta taɓa. Yaro zai yi jinkirin magana, karatu ya gagare shi, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi.

Iyaye, ba cewa muke ku bar neman halalinku ba. Amma dutse ya tsaya a wurin haƙa, kada ya shigo gida, kada yaro ya taɓa shi. Maigida, ka yi wanka ka sauya tufa kafin ka ɗauki ɗanka. Buhun da ya ɗauki dutse ba na zuba gero ba ne, ba kuma na shimfiɗa ba. Uwargida, a wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci, a kuma daina sa wa jariri kwallin dutse, shi ma akwai dalma a cikinsa.

Idan ana aikin zinare a garinku, ku kai yara asibiti ku nemi a gwada jininsu ko da kuna ganin lafiyarsu ƙalau, don dalma kan daɗe a jiki ba ta nuna alama ba.