Kaset-kaset ɗin wasannin Grateful Dead

Grateful Dead ƙungiyar makaɗan rok ce ta Amurka wadda aka kafa a jihar Kalifoniya a shekarar 1965, ta kuma watse a 1995 bayan rasuwar jagoranta, makaɗin jita Jerry Garcia. A cikin shekaru talatin ɗin nan ta yi wasa a gaban jama'a kimanin sau 2,300, kuma an naɗi sautin mafi yawan wasannin, wasu ta hannun ma'aikatan ƙungiyar, wasu ta hannun 'yan kallo. Masoyanta, waɗanda ake kira Deadheads, sun mai da tara waɗannan kaset-kaset da musayarsu al'ada mai ƙa'idoji nata, har da yawa daga cikinsu suka fi daraja su a kan faya-fayan da ƙungiyar ta yi a situdiyo.

Dalilin wannan ƙauna yana cikin salon kiɗan. Ƙungiyar ba ta maimaita jerin waƙoƙin jiya a wasan yau, kuma makaɗan suna ƙirƙirar kiɗa nan take a kan dandali, ta yadda waƙar da ta ɗauki minti goma a wani gari za ta iya kai rabin sa'a a gari na gaba. Shi ya sa masoya ke kiran kowane wasa da kwanan watansa da wurin da aka yi shi.

Asali

Naɗar wasannin ta fara ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da injiniyan sautin ƙungiyar, Owsley Stanley, wanda ake yi wa laƙabi da Bear, ya riƙa naɗar kowane dare kai tsaye daga na'urar haɗa sauti domin makaɗan su saurari aikinsu daga baya. Su kuwa 'yan kallo, da farko a ɓoye suke shiga da rikoda da makirufo, saboda masu gadin ƙofa sukan ƙwace kayan. A shekarar 1974 aka fara buga wata 'yar jarida a birnin New York domin haɗa masu musayar kaset, wadda daga baya ta zama mujallar Relix.

A watan Oktoba na 1984 ƙungiyar ta ware wa masu naɗa wuri na musamman a bayan na'urar haɗa sauti, da tikiti nasu daban. A nan ake ganin makirufo-makirufo ɗaure a kan dogayen sanduna sun zarce kawunan jama'a, masu su kuma sun duƙa a ƙasa da ƙaramar tocila suna lura da allurar rikoda, suna fatan kada tef ya ƙare a tsakiyar waƙa. Sharaɗin ɗaya ne: a yi musaya, kada a sayar. Wanda bai da abin musaya yakan aika da kaset marar komai tare da kan sarki ta gidan waya, a kwafa masa a mayar, an rubuta kwanan wata da sunayen waƙoƙi da hannu a jikin kwalin. Tun da sauti yana dusashewa duk lokacin da aka kwafi kaset daga kaset, kwafin da ya fi kusa da na asali shi ne mai daraja.

Tef-tef ɗin Betty da wasan Cornell

A wajen shekarar 1986 aka yi gwanjon kayan wani sito na Betty Cantor-Jackson, injiniyar da ta naɗi wasanni masu yawa na shekarun 1970. Tef-tef ɗinta suka faɗa hannun masoya, suka bazu, kuma tsabtar sautinsu ta sauya ra'ayin mutane game da wancan zamani. Mafi shahara a cikinsu shi ne wasan ranar 8 ga Mayu, 1977, a zauren Barton na Jami'ar Cornell da ke jihar New York. A 2012 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin rajistar sautukan da ya kamata a adana wa ƙasa, alhali a lokacin ba a ma fitar da shi kasuwa ba, sai a 2017. Ko shi ne wasan da ya fi kowanne, wannan magana ce da ba a daddale ba. Wasu sun fi son na Veneta a jihar Oregon, ranar 27 ga Agusta, 1972.

Rumbun ƙungiyar

Dick Latvala, wanda shi kansa daga cikin masu tara kaset ya fito, ya zama mai kula da rumbun tef na ƙungiyar. Daga 1993 aka fara fitar da zaɓinsa da sunan Dick's Picks, jerin da ya kai kashi 36. Bayan rasuwarsa a 1999 David Lemieux ya gaje shi.

Zamanin intanet

Dubban naɗe-naɗen suna shafin Internet Archive. A watan Nuwamba na 2005 aka hana sauke su bisa buƙatar ƙungiyar, masoya suka yi ca, kuma cikin 'yan kwanaki aka sasanta: naɗin 'yan kallo ana iya sauke shi, na na'urar haɗa sauti kuwa sai dai a saurara a shafin.