Tantance tsofaffin maɓallan soja da aka tono daga ƙasa

Maɓallan soja na cikin abubuwan da masu yawo da na'urar gano ƙarfe suka fi tonowa a tsofaffin sansanoni, filayen fareti da gonaki a Turai da Amurka. Ana gane asalin maɓalli ta hanyar ƙarfen da aka yi shi da shi, yadda aka ƙera shi, tambarin fuskarsa da rubutun bayansa. Sabon shiga yakan tsaya a fuska, amma bayan maɓalli ya fi faɗin shekarunsa, domin runduna kan riƙe tambari ɗaya shekaru da dama, alhali maƙera suna sauya suna da adireshi.

Ƙarfe da ƙira

Maɓallan ƙananan sojojin Birtaniya na ƙarni na 18 zubi ɗaya ne na gamin kuza da dalma, launin toka, kuma ƙasa mai ɗanshi tana cin gefensu har su riƙa marmashewa. Na hafsoshi tagulla ce da aka shafa wa ruwan zinare ko azurfa. A 1855 aka daina ba ƙananan sojoji na kuza, aka koma tagulla.

A tsofaffin na zubi, kunnen da ake ɗinkawa yana fita tare da jikin maɓallin, ko kuma zoben waya ne da aka dasa a cikin narkakken ƙarfen. Wajen 1813 Benjamin Sanders na Birmingham ya fito da maɓalli mai ɓangare biyu, fuska mai tudu da aka naɗe bakinta a kan faifan baya, kuma wannan ƙira ta mamaye ƙarni na 19. Idan maganaɗisu ya kama bayan maɓalli, faifan na baƙin ƙarfe ne, sau da yawa tsatsa ta riga ta cinye rubutunsa. Maras nauyi mai ƙyalli wanda ba ya dusashewa alminiyam ne, na shekarun 1950 zuwa sama.

Tambarin fuska

Birtaniya ta umarci rundunoninta su sa lambarsu a maɓalli a 1767. Daga 1871 aka ba ƙananan sojojin ƙasa maɓalli na bai ɗaya mai tambarin masarauta, zaki a gefe ɗaya da doki mai ƙaho a ɗaya gefen, shi ya sa irinsa ya fi kowane yawa a hannun masu tono, musamman na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gyaran tsarin soja na 1881 ya maye gurbin lambobin rundunoni da sunayen yankuna, don haka maɓalli mai lamba zalla galibi ya girmi wannan shekara. Kambin da ke sama ma yana nuna zamani: na Sarauniya Victoria har zuwa wajen 1901, kambin sarki mai zagayayyen kai daga 1902, sannan na Sarauniya Elizabeth ta Biyu mai lotsawa a tsakiya daga wajen 1953. Sai dai ma'ajin soja ba ya zubar da kaya don an yi sabon sarki, ana ci gaba da raba tsoho har ya ƙare.

Faransa ta fara sa lamba tun 1762. Anga ita ce alamar sojojin ruwanta da na mulkin mallaka, har da waɗanda suka yi aiki a Nijar. A Amurka mikiya ce, kuma harafin da ke kan garkuwar ƙirjinta yana nuna reshe: I sojan ƙasa, A igwa, C mahaya dawaki. A 1902 aka koma babban hatimin ƙasar.

Rundunar Birtaniya ta Yammacin Afirka, West African Frontier Force (WAFF), wadda Lugard ya harhaɗa a 1897 kuma Hausawa da yawa suka shiga, alamarta bishiyar kwakwa ce. An ƙara harafin R (Royal, wato ta sarauta) a gaban sunanta a 1928, wanda ke raba kayan farko da na baya.

Rubutun baya

A nan maƙeri ke buga sunansa. Waɗanda aka fi gani su ne Firmin da Jennens na Landan, J.R. Gaunt, Smith & Wright na Birmingham, da Scovill na Waterbury a Amurka. Ana gwada yadda aka rubuta sunan da adireshin da jerin shekarun kamfanin, wani lokaci a matse zamanin zuwa shekara goma ko ƙasa. A haska tocila daga gefe, inuwa za ta fito da haruffan da suka lafe.

Girma

Na gaban riga wajen milimita 23 zuwa 25, na hannu da hula 14 zuwa 17.

Tsaftacewa

A bar ƙasar ta bushe, sannan a kakkaɓe ta da buroshi mai laushi da tsinken sakace. Ruwan lemun tsami da ruwan khal suna cinye koren fatar da tagulla ta yi a ƙasa, wadda sau da yawa a jikinta tambarin ya rage, kuma man goge ƙarfe yana kankare ruwan zinare. Na kuza kada a jiƙa shi ko kaɗan. Koren gari mai haske da ke dawowa bayan an share alama ce gishiri na cin ƙarfen daga ciki. Irin wannan a ware shi a wuri busasshe.

Kuskuren da aka saba yi

Ba kowane maɓalli mai kambi ko dabba ne na soja ba. Barorin manyan gidajen Ingila suna da nasu mai tambarin iyali, haka 'yan sanda, ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya. Kwaikwayon zamani kuma ya yi yawa, musamman na yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865.

Doka

A Ingila sai da izinin mai fili, kuma an hana tono a wuraren tarihi da aka keɓe. Masana kayan tarihi da masu na'ura sun daɗe suna sa-in-sa kan tono a fagagen yaƙi.